Yadda ake tantance tsofaffin hotunan bugu na sojoji da fagen fama

Kafin kyamara ta shiga fagen fama, mutanen Turai da Amurka sun san kamannin sojojinsu ne ta takardun da aka buga daga allon tagulla, ko katako, ko dutse. Mai zane ya zana, masassaƙi ya kwafe zanen a jikin allo, mai ɗab'i ya shafa tawada ya danne takarda a kai, sai hoto ɗaya ya zama ɗaruruwa ko dubbai. Haka aka yi ta yi tun wajen shekarar 1500 har ƙarshen ƙarni na 19. Da yawa daga cikin takardun nan suna nan har yau ana gwanjonsu a intanet, ana kuma cakuɗa su da kwafin jiya-jiya da aka rina da ruwan shayi don ya yi kama da tsoho.

Ko saye za ka yi, ko gada ka yi, ko kai ɗalibin tarihi ne mai son kafa hujja da hoto, tambayoyi biyu ne a gabanka, kuma ba a haɗa su. Takardar nan ta tsufa da gaske? Abin da aka zana a kanta kuma, gaskiya ne? Ta farko ake fara amsawa, kuma amsarta tana jikin takarda da tawada. Kyan doki da jarumtar mai takobi sai daga baya.

Kayan aikin ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki goma irin na masu gyaran agogo, ƙaramar tocila, rula, da hannu wankakke busasshe. In ka samu tocila mai hasken shuɗi irin wadda ake duba kuɗin jabu da ita, ta ƙara maka ido.

Mataki na farko: fitar da shi daga firam

Hoton da ke bayan gilashi ba ya faɗin gaskiya. Firam yana ɓoye gefen takarda da bayanta, nan kuwa shaidu suka fi taruwa. Ka kwantar da shi a kan tebur mai tsabta, ka cire ƙusoshin baya a hankali, ka ɗaga kwalin. In ka ga an manne takardar a jikin kwali, to tsaya nan, kada ka ɓamɓare. In a intanet kake ciniki, ka nemi dillalin ya turo maka hoton bayan takardar, da kusurwoyinta huɗu, da wani ɓangare da aka ɗauka daf da daf. Dillalin da ya fara kame-kame a kan wannan ya riga ya ba ka amsa.

Mataki na biyu: sa gilashi a kan tawada

Nan ne kwafin zamani yake tona kansa. Ka duba inda launi yake tsaka-tsaki, kamar fuskar soja ko sararin sama. In ka ga ɗige-ɗige a jere, tsaf-tsaf kamar an auna su da rula, wasu launuka huɗu suna zagaye juna, to bugun injin zamani ne daga hoton kyamara. In kuma ɗigon a warwatse yake, ƙanana sosai masu launi daban-daban, firinta ce ta fesa shi. Duk biyun ba su da alaƙa da sassaƙa, ko da an rubuta 1815 a ƙasa. Sai dai a lura: bugun ɗige-ɗigen ya yaɗu a jaridu a cikin shekarun 1890, don haka shafin jarida na 1903 mai nuna yaƙin Kano zai iya zama na asali duk da ɗigon. Na asali ne a matsayin jarida, amma ba sassaƙa ba ne.

In layuka ka gani ba ɗige ba, sai ka raba su gida uku.

Gidan farko shi ne na allon ƙarfe. Ana yanka layi a jikin tagulla, a cika ramin da tawada, a goge saman, a danne jiƙaƙƙiyar takarda da ƙarfi har ta tsotso tawadar daga ramin. Saboda haka tawadar takan ɗan tashi a kan takarda. In ka haska tocila daga gefe za ka ga baƙaƙen layukan suna da tudu. Gefen allon kuma yakan bar lotsawa mai kusurwa huɗu kewaye da hoton. Layin da aka yanka da ƙarfen sassaƙa yana farawa siriri, ya kumbura a tsakiya, ya ƙare da tsini. Layin da asid ya ci, wato aka shafe allo da kakin zuma aka karce shi da allura aka tsoma a asid, kaurinsa kusan ɗaya ne daga farko har ƙarshe, bakinsa a dakushe, kuma yana da sakin hannu kamar zanen alƙalami. Da wannan hanya ta biyu Jacques Callot, mutumin Nancy, ya yi jerin hotunansa 18 na masifun yaƙi da aka buga a 1633, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin. Kowannensu bai kai tsawon tafin hannu biyu ba, amma a ciki akwai ɗaukar soja, da wasoson ƙauye, da rataye masu laifi a bishiya, da guragun sojoji suna bara. Akwai kuma wata dabara ta barbaɗa garin ƙaro a kan allo kafin asid, wadda ke ba da inuwa mai tsaki-tsaki kamar an wanke da ruwan tawada. Yawancin hotunan kakin sojan Ingila na zamanin Napoleon da ita aka yi su, sannan aka shafa launi da hannu. Daga shekarun 1820 aka fara amfani da allon baƙin ƙarfe mai tauri, wanda ke jure bugu dubbai; layukansa sirara ne ƙwarai, cunkushe, sararin sama kuma an ja shi da inji.

Kada lotsawar gefe kaɗai ta ruɗe ka. Masu jabu suna danna allo marar komai a kan kwafi don su samar da ita. Haka kuma rashinta ba ya nufin jabu, domin hotunan da aka ɗinka cikin littattafai sau da yawa an datse gefensu har cikin lotsawar.

Gida na biyu shi ne katako. A nan abin da ya rage a sama shi ke ɗaukar tawada, abin da aka sassaƙe ya fito fari. Babu lotsawar gefe, kuma tawada takan ɗan taru a bakin layi. Wannan ita ce hanyar jaridu masu hoto: Illustrated London News da aka kafa a 1842, Harper's Weekly ta Amurka wadda Winslow Homer ya zana wa rayuwar sansani lokacin yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, da The Graphic ta 1869. Babban hoto ana haɗa shi ne daga ƙananan guntayen katako da aka ɗaure da noti, kowane masassaƙi ya yi nasa don a cim ma ranar fitowa. Shi ya sa in ka lura za ka ga siririn farin layi miƙaƙƙe ya ratsa hoton a mahaɗar guntayen. Wannan ba aibi ba ne, shaida ce. Bayan shafin kuma kusan kullum akwai rubutun jarida.

Gida na uku shi ne dutse, wato litogiraf, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Jamus a 1796. Ana zane da alli mai maiƙo a kan dutse mai santsi. Tawada a kwance take, babu tudu babu lotsawa, kuma a ƙarƙashin gilashi za ka ga tsaki-tsaki marasa tsari kamar na fensir a kan takarda mai kaushi. Masu zane Charlet da Raffet a Faransa da shi suka raya tsofaffin sojojin Napoleon a idon jama'a. Da aka fara buga launi da duwatsu da yawa, kowane launi da dutsensa, sai aka samu hotuna masu ƙyalli irin jerin hotuna 36 na yaƙin basasar Amurka da kamfanin Kurz da Allison na Chicago ya fitar a shekarun 1880 da 1890.

Mataki na uku: ɗaga takardar ga haske

Takardar da aka yi kafin tsakiyar ƙarni na 18 daga tsumma aka yi ta da hannu, kuma in ka ɗaga ta ga taga za ka ga layuka sirara a jere, da wasu masu tazarar kamar inci ɗaya sun gitta su. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon littafin hannu na malamanmu ya san wannan, har da tambarin jinjirin wata uku da ke cikin takardun Italiya da fatake suka riƙa kawowa ta Sahara. Takarda mai santsi marar layuka James Whatman ne ya fara yin ta a Ingila a shekarun 1750, ba ta kuma yaɗu sosai ba sai wajen 1790. To in aka ce maka ga hoton Callot bugun 1633 a kan takarda mai santsi, ciniki ya ƙare.

Tambarin cikin takarda yakan zo da shekara, musamman a Ingila daga 1794. In hoton ya ce an buga shi a 1812 amma tambarin ya ce 1825, to allon na 1812 ne, bugun kuwa na baya ne. Daga rabin ƙarni na 19 na biyu aka koma takardar da ake yi da niƙaƙƙen itace, wadda ke yin ja-ja ta kuma yi gautsi. Takardar da ta yi ƙyallin shuɗi mai ƙarfi a ƙarƙashin tocilar duba kuɗi an yi ta ne daga shekarun 1950 zuwa yau, lokacin da aka fara zuba mata sinadarin ƙara fari. Tsufa na gaske ba ya zuwa bai ɗaya: gefe ya fi duhu, akwai ɗigon tsatsa nan da can. Wanda aka rina kuwa launinsa ɗaya ne ko'ina, wani lokaci har da shatin ruwa.

Mataki na huɗu: karanta ƙananan rubutun ƙasa

A ƙasan hoto, hagu yawanci sunan mai zane ne, dama na masassaƙi, tsakiya na mai bugawa. Gajerun kalmomin Latin ne ke rarrabe su. "Pinx." na nufin wanda ya yi zanen fenti na asali, "del." wanda ya zana, "sculp." ko "sc." wanda ya sassaƙa, "exc." wanda ya wallafa, "lith." mai aikin dutse. A Ingila, bayan dokar kare haƙƙin masassaƙa ta 1735, akan rubuta ranar wallafa da sunan mai wallafawa, sau da yawa har da adireshin shagonsa. Wannan rana ta allon ce. Ba ta gaya maka ranar da aka danna takardar da ke hannunka.

Bambancin nan shi ne ya fi cin kuɗin mutane. Allon tagulla yana daɗewa fiye da mai shi. Goya, mai zane ɗan Sifen, ya yi hotunansa na bala'in yaƙin Sifen tsakanin 1810 da 1820, ya mutu a 1828, ba a kuma wallafa su ba sai 1863, lokacin da makarantar fasaha ta San Fernando a Madrid ta fitar da 80 daga ciki. Bayan nan an sake bugawa daga allunan sau da yawa har 1937. Duka "daga allon Goya" ne, amma tagulla tana cinyewa, siraran layuka suna ɓacewa, inuwa tana kodewa, farashi kuma yana bin wannan. Ma'ajiyar alluna ta gidan tarihin Louvre a Faris har gobe tana buga sabbin takardu daga tsofaffin alluna tana sayarwa a fili, da tambarinta a jiki. Halal ne. Matsalar tana farawa ne in wani ya datse tambarin.

Mataki na biyar: kwatanta da wanda aka tabbatar

Wannan yanzu ya yi sauƙi. Gidan tarihin Birtaniya, da Rijksmuseum na Amsterdam, da Gallica ta ɗakin karatun ƙasar Faransa, da ɗakin karatun majalisar Amurka duk sun sa hotunansu a intanet kyauta tare da awo. Na soja zalla kuwa, a nemi tarin Anne S. K. Brown da ke jami'ar Brown a Amurka, da gidan tarihin sojan ƙasa na Chelsea a Landan. Ka auna lotsawar allon da rula, tsawo da faɗi, ka gwada da nasu. Bambancin milimita biyu ko uku ba komai ba ne, takarda tana tsukewa in ta bushe. Bambancin santimita guda kuwa wani allo ne daban. Ka kuma duba ko hoton ya juya: tsofaffin masu kwaikwayo sukan kwafi abin da suke gani kai tsaye a allo, sai bugun ya fito a juye, ka ga runduna guda duk bahagwai ne, takobi a hannun hagu.

Launi: na da ne ko na dillali?

Yawancin shafukan jaridun Landan baƙi da fari suka fito. Wanda ka gani da jar riga da koren ciyawa na fentin hannu, wani ne ya shafa daga baya don ya yi kasuwa. In launin ya yi maka kyau ka saya, amma da saninka, kuma kada ka kafa hujja da shi a kan launin kaki. A tsofaffin takardu koren da aka haɗa da tagulla yakan ratsa ya bar shacin ruwan ƙasa a baya, wanda alama ce mai kyau ta tsufan launi. In kuma fenti ya hau kan ɗigon tsatsa ko kan yagewar da aka gyara, to bayan lalacewar aka shafa shi.

Yanzu sai hoton kansa

Kayan soja suna da shekaru, kuma suna kama maƙaryaci. Tutar Birtaniya ba ta samu jan gicciyen karkace ba sai 1801. Sojan ƙasa na Ingila ya bar hula mai kusurwa ya koma doguwar hula wajen 1800, an kuma soke ɗaure gashi ta ƙeya a 1808. Jan wando ya zama kayan sojan ƙasa na Faransa a 1829, ya zauna har farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kwalkwali mai tsini na Prussia na 1842 ne. Bindiga mai ƙyastu ta fara ɓacewa a shekarun 1830 da 1840, bindigar Martini-Henry ta zo a 1871, mashin-gan na Maxim a 1884. In taken hoto ya ce Waterloo, 1815, amma sojojin ƙasa na Faransa da ke ciki suna da jan wando, to wanda ya zana bai san abin da yake zanawa ba, ko kuma taken ne aka canza.

Ko da komai ya dace, tsufa ba shaidar gani da ido ba ce. Shahararren hoton mutuwar Janar Wolfe na Birtaniya a yaƙin Quebec, wanda William Woollett ya sassaƙa a 1776 daga zanen Benjamin West, ya tara manyan hafsoshi kewaye da mamacin, alhali yawancinsu ba sa wurin a ranar a 1759. Mai zane William Simpson ya je fagen yaƙin Kirimiya da ƙafarsa, kuma litogiraf ɗinsa na 1855 da 1856 na cikin mafi aminci a kan laka da sanyi da ramukan Sebastopol; amma sukuwar dawakin Balaklava ta 25 ga Oktoban 1854 ta wuce kafin ya iso, daga bakin waɗanda suka yi ya zana ta, kuma sai da Lord Cardigan, wanda ya jagoranci sukuwar, ya ga kansa a fili a gaban runduna sannan ya amince da zanen. Hotunan Kurz da Allison kuwa kusan duk hasashe ne, sojoji a jere tsaf kamar ranar fareti. A ganina, hotunan da suka fi amfani ga mai tarihi su ne marasa hayaniya: na atisaye, na girki a sansani, na dakon kaya. Littafin Jacob de Gheyn na 1607 a Holan, mai hotuna 117 na yadda ake riƙe bindiga da dogon mashi daki-daki, ya fi hoton gumurzu goma gaya maka yadda soja yake aiki, domin don koyarwa aka yi shi, ba don yabo ba.

Wannan gargaɗin ya fi shafar hotunan ƙasashenmu. A littafin tafiyar Denham da Clapperton, Turawan Birtaniya masu yawon bincike, da John Murray ya wallafa a Landan a 1826 akwai hoton bardan Shehun Borno, wato Shehu Laminu, cikin sulke, da na ɗan lifidin Sarkin Bagarmi, shi da dokinsa a lulluɓe. Denham ya gan su da idonsa, shi ya yi zanen farko, amma Edward Finden da ya sassaƙa su bai je Borno ba. Ka amince da lifidin da sulken. Tsayuwar dokin da fuskar mahayin kuwa, akwai hannun Bature a ciki. Littafin ya sake fitowa a ƙaramin girma daga baya, don haka awo yana da muhimmanci a nan. Jaridun Landan na 1873 da 1874 sun buga hotunan sojojin Hausa a yaƙin Asante, waɗanda asalinsu rundunar da Glover, jami'in Birtaniya, ya kafa a Ikko a 1863 ce. In za ka neme su, rubuta "Houssa", domin haka jaridun suke rubuta sunan a lokacin. Le Petit Journal ta Faris kuma ta buga hoto mai launi na mutuwar Kwamanda Lamy na Faransa a yaƙin Kusseri na 1900, inda Rabeh ma ya faɗi. Wannan a ofishin jarida aka tsara shi, don mai karatun Faransa.

Ciniki

Tsoho daban, mai wuyar samu daban. Jaridun nan sun buga kwafi sama da dubu ɗari a mako, saboda haka shafi guda nasu bai kamata ya yi tsada ba, kuma nan ne ya dace sabon shiga ya fara, ya horar da idonsa da kuɗi kaɗan. Abin da ke ɗaga farashi shi ne sunan mai aikin, bugun farko mai kaifin layi, cikakken gefe, launin asali, da jeri cikakke maimakon takarda guda. Abin da ke karya shi: datsewa, mannewa a kwali, kodewar rana, yagewar da ta shiga cikin hoto. A gwanjo ka tuna akwai la'adar gidan gwanjo a kan farashin da aka buga, ga kuɗin aikowa. Ka sa a aiko maka a shimfiɗe tsakanin kwalaye masu tauri, ba tare da gilashi ba. Ka nemi rasit da ya faɗi hanyar bugu da shekarar bugu a rubuce. Kuma ka sani yawancin takardun nan daga littattafan da aka farke suka fito. In cikakken littafi ya faɗo hannunka, kada ka zama mai farkewar.

Adana shi a ƙasar zafi

Kada ka kai shi laminatin. Zafi da gam ɗin robar suna shiga takardar, ba a kuma warwarewa. Haka salatif da gam na kanti: cikin 'yan shekaru suna barin tabon da ba ya fita. Masu gyaran takarda da siririyar takardar Japan da kokon sitacin alkama suke liƙi, saboda ana iya jiƙa shi a cire. In ba ka da mai wannan sana'a a kusa, bar yagewar yadda take.

Ka ajiye kowane hoto a shimfiɗe cikin fayil na takarda marar asid, a akwati mai murfi, a kan kanta nesa da ƙasa da bangon waje saboda gara da danshi. Laimar iska ta kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari ita ake so. In ta haura 65 ta daɗe, kamar yadda takan yi a tsakiyar damina, fumfuna za ta kama. 'Yan ƙullin tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko magani suna taimakawa a cikin akwati, muddin ba su taɓa takardar ba. Da hunturu kuma takarda takan bushe ta yi gautsi, sai a rage taɓa ta, in za a ɗauka a tallafe ta da kwali daga ƙasa. Ƙura da burushi mai laushi ake share ta, ba da tsumma ba. Ka riƙa buɗe akwatin lokaci-lokaci kana duba kashin kyankyaso da ƙananan ƙwarin da ke kankare fuskar takarda.

In rataye shi kake so, a sa kwali marar asid tsakaninsa da gilashi don kada su haɗu, a kuma zaɓi bangon da rana ba ta bugawa. Gidajen tarihi hasken da bai wuce lux 50 ba, wato haske mai rauni a ma'aunin haske, suke ba irin waɗannan takardu, kuma 'yan watanni suke nuna su su mayar cikin duhu. Launin hannu, musamman ja da ruwan ɗorawa, shi ke fara gudu. Mafi sauƙi shi ne ka ɗauki hotonsa da kyamara mai kyau, ka buga kwafi ka rataye a falo, na asalin ya zauna a akwati. Duk abin da ka gano game da shi, wato mai zane, masassaƙi, shekara, awo, da inda ka saya, ka rubuta da fensir a jikin fayil ɗin, ba da biro ba, ba kuma a jikin hoton ba.